Takardar da Aka Sa wa Leda

Mijinyawa kafinta ne a kasuwar Katako ta Yamai, kuma hancinsa ya daɗe da mutuwa. Shekarun da ya kwashe yana shafa wa gadaje da armuwar na ajiye tufafi berni, man nan da ke sa katako sheƙi, yana tsinka shi da ruwan diliyan a gwangwani, su suka cinye masa jin wari. Bai taɓa ɗaukar abin a matsayin ciwo ba. Alfahari ma yake yi. In mai saye ya shigo rumfarsa ya toshe hanci, sai ya yi dariya ya ce masa hancin 'yan buro ne da shi, masu zaman ofis. Mutum ne mai gaskiya a sana'a, ba ya rufe ruɓaɓɓen katako da fenti ya sayar. Amma yana da hali guda marar kyau: abin da jikinsa bai ji ba, a wurinsa babu shi.

'Ya'yansa biyu ne, duka mata. Babbar, Nafissa, tana karatun haɗa sinadarai a jami'a, tana kwana a wani ɗan ɗaki a Lamorde, hayin kogi. Aikinta a labo, ɗakin gwaje-gwaje, shi ne haɗa wani ruwa da ake shafa wa siririyar takarda mai faɗin yatsa biyu. In ta bushe, launinta ruwan ɗorawa ne. In tururin berni ko na diliyan ko na gam ya yi yawa a iskar ɗaki, sai takardar ta sha shi ta koma ja. Abin da ya fi ba ta wahala shi ne zafin Yamai, don haɗin da ta fara yi rana kaɗai ke juya masa launi. Ta daɗe tana gwaji kafin ta samu wanda zafi ba ya motsa shi, sai tururi. Mijinyawa bai fahimci rabin wannan ba, amma babu wanda bai ba labari ba a layin masu katako. Malama yake ce mata, rabi wasa rabi girmamawa.

Ƙaramar, Safiatou, ita ce ta yi aure, mijinta direban babbar mota ne da ba ya zama gari. Da ta haihu, haihuwar fari, sai ta dawo gida wankan jego wurin uwarta Zuwera. Aka ba ta ɗakin da ke jikin magaza, ɗakin ajiyar gidan. Bangon da ya raba ɗakunan biyu bai kai rufi ba. Kwano guda ne ya rufe su, kuma tsakanin kan bango da kwanon akwai sarari da mutum zai iya zura hannu har kafaɗa.

A cikin damina ne. Rumfar Mijinyawa ta Katako tana yoyo, ga kuma kayan ɗakin wata amarya da ya karɓi aikinsu, gado da armuwar da madubi, saura shafi kawai. Berni ba ya son danshi, ɗigo ɗaya ya isa ya bar masa farin tabo. Sai ya sa aka turo kayan a amalanke zuwa gida, ya jera su a magaza, ya shigo da gwangwanayensa, ya rufe ƙofa.

Ranar suna aka raɗa wa yaron Abdoulkarim, sunan mahaifin Mijinyawa, shi kuwa tun daga ranar Babana yake kiransa. Nafissa ta zo da hantsi. Tana sa ƙafa a ɗakin mai jego ta ji warin ya daki ƙirjinta, duk da turaren wutan da Zuwera ta cika ɗakin da shi. Ta ɗaga kai ta ga sararin da ke kan bango. Ta samu ubanta a tsakar gida yana raba goro, ta ja shi gefe ta ce masa a fitar da kayan, ko a sauya wa Safiatou ɗaki, domin huhun jariri ba kamar na babba ba ne. Ya ce mata babu wani ɗaki, kuma ita kanta a cikin warin nan ta girma, ga ta nan har jami'a. Ta ce ita ba ta taɓa kwana da shi a rufe ba. Ya ce shi bai ji komai ba.

"Baba, kai ko tafarnuwa aka daka maka a gemu ba za ka ji ba."

Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wa maƙwabcinsa ya zo ya ji yadda 'ya'yan lakwal, 'yan boko, ke zagin iyayensu da ladabi. Baƙi na shigowa, ba wurin gardama ba ne. Nafissa ta buɗe jakarta ta ciro takarda guda daga cikin ambulan, ta maƙala ta da ƙusa a bango saman gadon ƙanwarta. A ranar ba a fara shafi a magazar ba tukuna, ƙofa da taga kuma a buɗe saboda mata masu shige da fice, don haka takardar ta tsaya a launinta. Suka yi yarjejeniya da ubanta a gaban Zuwera: muddin tana ruwan ɗorawa, kaya su zauna. Ranar da ta fara ja, ko da gefe guda ne, a fitar da uwa da ɗa nan take. Mijinyawa ya ce ya yarda, kuma da gaske yake. Ba ya saɓa alkawari.

Abin da Nafissa ba ta faɗa ba shi ne yadda takardar ke aiki. Ta ce tana canza launi, ba ta ce sai iska ta taɓa ta ba. A ganinta wannan ai kowa ya sani. Ta yi sallama kafin la'asar, domin ranar kare aikinta a gaban malamai ta matso.

Washegari Mijinyawa ya leƙa gaida Babansa, sai ya ga gefen takardar ya fara lanƙwashewa da danshin ruwan wanka, ga ƙuda ya zauna mata. Ransa ya ɓaci. A Yamai takarda mai daraja ba ta zama tsirara. Katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, dipulom, takardar fili, duk sai an kai an filastifiye su, a sa tsakanin leda biyu, a bi da su cikin inji mai zafi ya manne bakin. Har takardar allurar Nafissa ta yarinta tana nan cikin leda a akwatinsa. To aikin hannun 'yarsa ne za a bari ƙuda na yi wa kashi? Ya cire ta ya sa a aljihun gaba.

Da ma zai je Petit Marché sayen nama da kayan yaji na mai jego. A bakin kasuwa akwai wani mai teburi da injin leda. Mutumin ya juya takardar gaba da baya, ya ce shi tun da ya fara aikin nan bai taɓa manne takardar da ba rubutu ba tambari ba, ko laya ce ta zamani?

"Aikin 'yata ne, ta jami'a," in ji Mijinyawa. "Ka manne ta da kyau, kada iska ta shiga."

Mutumin ya manne ta da kyau. Zafin injin bai yi mata komai ba, domin Nafissa ta yi aikinta yadda ya kamata. Mijinyawa ya huda gefen ledar, ya mayar da ita kan ƙusarta, ya ja baya yana kallon yadda take ƙyalli. Daga wannan lokacin takardar ta daina ji, kamar hancin wanda ya rataye ta. Da rana ya shiga magaza ya yi shafin farko, ya rufe ƙofa saboda hadari.

Safiatou ce ta fara magana. Ta ce kanta na sarawa, kuma in ta miƙe sai ɗaki ya juya. Zuwera ta ce jego ne, kowace mace ta san wannan, ta ƙara mata kunun kanwa. Safiatou ta ce wari na damunta, sai Zuwera ta ƙara garwashi a kasko ta zuba turare. Ta ce a buɗe taga, uwar ta ce ba za a buɗe wa mai ɗanyen jiki da jariri taga a cikin damina ba, sanyi ya shige su ya zauna har tsufa. Zuwera ba muguwa ba ce. Abin da aka yi mata take yi wa 'yarta, kuma ba ta tsaya ta lura cewa ita a nata jegon babu gwangwanin diliyan a bayan bango ba.

Yaron ya fara yawan barci. Aka ce yaro ne mai haƙuri. Sai ya fara sakin nono bayan ya ɗan tsotsa, yana wani ɗan tari busasshe kamar na ɗan kyanwa. Kowace safiya Mijinyawa yakan shigo, ya dubi takarda kafin ya dubi jikansa, ya ce alhamdu lillahi, tana nan yadda Malama ta bar ta. Nafissa takan kira a salula da yamma, daga labo, muryarta a gajiye. Tambayarta ta farko kullum ita ce launi. In aka ce ruwan ɗorawa, sai ta sauke numfashi, sannan ta gaida mutane. Sau ɗaya Safiatou ta karɓi wayar ta ce mata, Yaya, kaina zai fashe. Nafissa ta ce ta ɗauko mata hoton takardar. Hoton ya zo da duhu-duhu, amma launin a fili yake. Ta rubuta mata cewa ba iskar ba ce, ta sha ruwa da yawa, ta huta.

Suna da maƙwabciya, Esta, mutuniyar Dogondutsi, ma'aikaciyar jinya ce. Ta yi tafiya lokacin suna, sai ranar Lahadi bayan ta taso daga coci ta shigo barka da sabulu da zane. Ba ta gama gaisuwa ba idanunta suka fara ruwa. Ta karɓi yaron, ta buɗe masa riga, ta daɗe tana kallon yadda haƙarƙarinsa ke shiga da fita. Ta fito ta ce wa Mijinyawa ɗakin nan ba na zama ba ne. Ya kai ta har gaban takardar, ya yi mata bayani a natse, kamar mai nuna hukuncin alƙali. Esta ta ce ita ba ta san takardar ba, ba ta kuma san yadda ya kamata ta kasance ba, amma ta san idonta, kuma idonta ba ya kuka a banza. Ya ce turaren Zuwera ne, shi ma da yana da hanci da ya gudu. Ya yi mata godiya, ya raka ta ƙofa.

Esta ba ta haƙura ba. Ta kira Nafissa daga gidanta. Nafissa ta ce ta ga hoto, launi bai motsa ba, ta kuma gwada haɗin nan sau da yawa bai taɓa yi mata ƙarya ba, wataƙila mura ce. Ta ce da ta kare aikinta za ta zo ta kwana.

"Ni ban ce takardarki na ƙarya ba," in ji Esta. "Na ce ki hau kabu-kabu ki zo ki shaƙa da hancinki. Kogi ne tsakaninku, ba teku ba."

Nafissa ta ce to. Amma ba ta zo a ranar ba. Tana da shafuka da za ta gyara, kuma a ƙasan zuciyarta ba ta son a ce abin da ta ƙera ya gaza tun kafin malamai su gan shi. Wannan ita ce gaskiya, ko da yake ba za ta faɗe ta haka ba. Washegari da safe Mijinyawa ya yi shafi na biyu, mai kauri, wanda ke ba katako hasken da iyayen amarya ke so. Aka tashi da yayyafi, ya toshe ƙasan ƙofar magaza da buhu.

Bayan azahar Nafissa ta iso, gyalenta a jiƙe. Tun daga bakin labule ta san ta makara. Warin ya fi na ranar suna nesa ba kusa ba, har ɗanɗanonsa take ji a harshe. Safiatou na kwance ta juya wa bango baya, idanunta jajir. Yaron na gefenta, bakinsa a buɗe, kowane numfashi sai ramin wuyansa ya lotsa. Nafissa ta ɗaga kai wajen ƙusa, sai ta ga abu na ƙyalli. Ta ciro shi ta shafa da babban yatsa. Santsi.

Mijinyawa ya shigo bayanta yana murna, yana cewa ga Malama, ta zo ta ga amanarta. Ta tambaye shi wa ya yi wannan. Ya ce shi ne, a Petit Marché, kuma ya tsaya a kan mutumin har ya manne ko'ina.

Ta ɗauki almakashin da ke kan faranti ta datse ledar gida biyu. Sannan ta ciro sabuwar takarda daga ambulan ta riƙe a sama, kusa da sararin kan bango. Suna tsaye suna kallo. Ja ya fara daga gefe, ya ci zuwa tsakiya, kafin Zuwera ta gama tambayar abin da ke faruwa takardar ta rine gaba ɗaya. Ta dubi tsohuwar takardar da ke ɗaya hannunta: daidai inda almakashi ya bi, wani siririn layi ja ya fara fitowa.

"Da iska take gani, Baba. Ka rufe mata ido."

Ya karɓi guntun ledar yana juyawa. Nafissa ta sunkuci yaron ta yi waje da shi cikin yayyafi, tana kiran Tanti Esta ta kan katanga. Esta ta fito da takalmi a hannu. Ita ta tsayar da taksi, ita ta san ƙofar da za a bi a asibiti, ita ta yi magana da lokotoro, likitan da ke bakin aiki. Aka sa wa Abdoulkarim robar oksijin a hanci, robar ta kusa fin fuskarsa girma. Aka kwantar da uwar a wani gado ana ƙara mata ruwa.

Lokotoro bai yi musu dogon bayani ba. Ya ce ƙirjin yaron ya kumbura daga ciki, kuma ko mene ne ya fara shi, iskar ɗakin da turaren sun ƙara masa. Ya tambayi tun yaushe yake sakin nono. Da Zuwera ta faɗa, sai ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya koma ciki.

A baranda Nafissa da ubanta suka shiga karɓar laifi, kowa na cewa nasa ne. Shi ya ce shi ya kai takarda aka manne. Ita ta ce ita ce ba ta yi bayani ba, kuma ta ga hoto ba ta lura ba. Suna cikin haka Esta ta leƙo ta ce Safiatou na kiransu. Suka shiga suka tsaya a ƙafar gado. Safiatou yarinya ce marar yawan magana, ba ta taɓa ɗaga wa ubanta ido ba. Ranar ma ba ta ɗaga murya ba.

"Na ce muku kaina na ciwo. Na ce ɗana ba ya shan nono. Baba ya dubi bango, Yaya ta ce in ɗauko hoto. Ni ina kwance a ƙarƙashin takardar nan, ba wanda ya tambaye ni."

Ta juya fuskarta. Abin da ya faru ta faɗa, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Mijinyawa ya koma gida shi kaɗai kafin magariba. Ruwa ya riga ya kece. Ya buɗe magaza, ya jawo gadon amarya zuwa tsakar gida, ya jawo armuwar, ya jawo madubi, ya fito da gwangwanaye ya jera a gindin katanga. Bernin bai bushe ba. Ruwa ya sauka a kansa, ya yi fari-fari kamar an watsa masa toka. Wani maƙwabci ya leƙo ya ce Malam Mijinyawa lafiya, aikin mutane ne fa, a kawo tamfol? Ya ce a bar shi. Wannan bai amfani yaron da komai ba, yaron na asibiti. Aikin ya lalace, daga baya sai da ya kankare shi da hannu ya sake a Katako, bayan ya gyara rufin rumfar da ya kamata ya gyara tun farkon damina.

Abdoulkarim ya rayu. Aka sallame su bayan ya koma kama nono. Amma ya fito da wani ɗan sauti a ƙirji, siriri kamar fito, wanda ke tashi in ya yi kuka ko in gari ya yi sanyi. Lokotoro ya ce wasu yara sukan rabu da shi in sun girma, wasu kuma da shi suke tafiya, ba zai yi musu alkawari ba. Safiatou ba ta koma ɗakin jikin magaza ba. Ta ce a kai ta gidan surukanta ta ƙarasa wanka a can. Mutanen unguwa sun yi magana, domin mai jegon fari ba ta barin gidan ubanta da wanka a rabi sai da dalili. Zuwera ta yi kuka, Mijinyawa ya ce a bar ta, shi ya ɗauki jakarta zuwa mota.

Nafissa ta kare aikinta, malamai sun yaba. Yanzu kowace takarda da ta fito daga hannunta tana da rubutu a baya, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, cewa kada a sa mata leda, kuma in mutum ya ce ba shi da lafiya a fitar da shi ko da launi bai canza ba. Rubutun daidai ne. Da an yi shi tun farko da ya fi.

Ranar Juma'a bayan masallaci Mijinyawa yakan je gidan surukan Safiatou. Kafin ya tafi sai ya yi wanka ya sauya kaya, ya miƙa wa Zuwera hannun rigarsa ta shinshina masa, domin shi ba zai sani ba. In ta ce da saura, sai ya sake wata. A can yakan zauna a kan tabarma a zaure, a kawo masa yaron. Safiatou takan gaishe shi da ladabi ta koma ciki. Ba ya yi wa yaron wasa kamar sauran kakanni. Yakan ce, Babana, bari in ji, sai ya kwantar da kunnensa a kan ɗan ƙirjin ya yi shiru.

Juma'ar da ta wuce an yi ruwa da safe, kuma sautin yana nan.